Cinikin Biri A Sama: Yadda Ake Rarrabe Jitar Asali Da Ta Jabu

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2024, hukumar kwastan ta ƙasar Amurka ta ba da sanarwar cewa ma'aikatanta da ke tashar jiragen ruwa ta Los Anjalis sun kama jitoci na jabu fiye da 3,000, masu aiki da lantarki, waɗanda aka yiwo jigilarsu daga nahiyar Asiya. An buga musu sunan Gibson, watau ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙera jita na duniya, alhali kuwa babu ko ɗaya daga cikinsu da ta taɓa shiga masana'antar wannan kamfani. Hukumar ta ƙiyasta cewa da a ce na gaskiya ne, da kuɗinsu ya haura Dala miliyan 18.

Wannan kamu guda ne kawai, a tasha guda. Waɗanda suka tsallake idon kwastan a wasu wurare sukan shiga hannun jama'a, a yi ta kaɗa su shekara da shekaru, su sami ƙwarzane da alamun tsufa, sa'an nan su komo kasuwa a matsayin kayan hannu. A lokacin nan ganewa takan ƙara wuya, domin sau da yawa shi kansa mai sayarwar bai san jabu yake riƙe da ita ba, tun da shi ma haka aka sayar masa.

Maganar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Jitar lantarki ta daɗe da zama 'yar gida a Afirka ta Yamma, tun daga zamanin su Victor Uwaifo da King Sunny Ade a Nijeriya, har zuwa su Bombino da Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, kuma tsofaffin kayan kiɗa suna shigowa kasuwanninmu tare da sauran kayan hannu na ƙasashen waje. Ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayo kayan kiɗa domin wata makaranta ko ƙungiyar wasanni, da ɗalibin da ya yi ta tari har kuɗinsa suka kai, dukansu suna iya fuskantar tambaya ɗaya: shin wannan abu shi ne abin da aka ce shi ne?

Amsar da masana wannan sana'a suke bayarwa ita ce, babu wata alama guda da ta isa ta zama hujja. Jita tana da shaidu da yawa a jikinta: lambarta, da katakonta, da fentinta, da ƙarafanta, da wayoyin da ke cikinta, da kuma tarihin hannuwan da ta bi. Aikin mai saye irin na alƙali ne. Zai saurari kowane shaida shi kaɗai, sa'an nan ya duba ko bakinsu ya zo ɗaya.

ABIN DA YA JAWO TSADA

Kamfanoni biyu ne aka fi yi wa kayansu jabu. Na farko shi ne Gibson, wanda ya fitar da samfurin da ake kira Les Paul a shekarar 1952 daga masana'antarsa ta garin Kalamazoo, kafin aikin ya koma Nashville dungum a 1984. Na biyu kuwa shi ne Fender, wanda Leo Fender ya kafa a garin Fullerton na Jihar Kalifoniya, ya kuma fitar da samfurin Stratocaster a 1954. A watan Janairu na 1965 aka sayar da Fender ga kamfanin CBS a kan Dala miliyan 13, kuma har yau masu tara kayan tarihi sun fi daraja jitocin da aka ƙera kafin wannan ciniki.

Daga 1958 zuwa 1960, Gibson ya ƙera wani nau'in Les Paul mai launin ja da rawaya kamar na fitowar rana. Bai yi kasuwa ba a lokacin, har aka daina yin sa, kuma an ƙiyasta cewa guda 1,700 ko kusa da haka kaɗai aka yi. Da manyan makaɗan Ingila suka rungume shi a shekarun 1960, sai farashinsa ya kama hawa. A watan Janairu na 2024, an yi gwanjon irin wannan jita ta shekarar 1959, mallakar makaɗin nan Mark Knopfler, a birnin Landan, aka saye ta Fam 693,000. Saboda yawan na ƙarya, dillalai sukan yi ba'a su ce waɗanda suka rage a duniya yanzu sun fi waɗanda aka ƙera yawa.

ƘARYA IRI UKU

Ya kamata a bambanta kwaikwayo da jabu. A shekarun 1970 kamfanonin Japan irin su Ibanez da Greco da Tokai sun yi jitoci masu kama da na Amurka ƙwarai, har a 1977 kamfanin da ya mallaki Gibson ya kai ƙarar dillalin Ibanez na Amurka saboda siffar kan jita, aka sasanta a wajen kotu. To, amma waɗannan sunan kansu suka rubuta, ba su yaudari kowa ba. Haka nan Epiphone, wanda Gibson ya saya a 1957, da Squier, wanda Fender ya soma sayar da jitoci da sunansa a 1982, kayan halal ne masu sauƙin kuɗi.

Ƙaryar da ake gudu iri uku ce. Akwai jabu tsantsa, wadda aka ƙera tun daga farko da sunan da ba nata ba. Akwai haɗe-haɗe, watau a ɗauki wuyan wannan a ɗaura a jikin waccan, ko a kankare sunan Squier a manna na Fender. Sa'an nan akwai jitar asali wadda aka yi ƙarya a kan shekarunta ko lafiyarta, kamar a ɗauki Les Paul ta farkon shekarun 1950 mai launin zinariya, a sake mata fenti da ƙarafa, a ce ta 1959 ce. Iri na farko ya fi sauƙin ganewa. Na ukun kuwa yakan ruɗi har ƙwararru.

SHAIDA NA FARKO: LAMBA

Kowace jita ta kirki tana da lambar da kamfani ya ba ta, kuma yawancin masu saye a nan suke tsayawa. Wannan kuskure ne, gama babu abin da ya fi lamba sauƙin kwafa. Mai yin jabu yakan ga lambar gaskiya a hoto ya buga ta a kan jitoci ɗari. Amfanin lamba shi ne tana faɗin shekarar da jitar take iƙirari, domin a gwada sauran shaidu da ita.

Daga 1977, Gibson ya yi amfani da lamba mai alƙaluma takwas, wadda ake bugawa a cikin katako a bayan kan jitar. Alƙalami na farko da na biyar su ne shekara, uku na tsakaninsu kuwa su ne ranar shekara. Alal misali, lambar da ta fara da 91418 tana nufin rana ta 141 ta shekarar 1998, watau 21 ga watan Mayu. Idan alƙaluman nan uku suka wuce 366, to an gama shari'a, domin babu shekara mai irin waɗannan kwanaki. A 2005 an ƙara alƙalami ɗaya suka zama tara, a 2014 aka sake tsarin, sa'an nan a 2019 aka komo ga na da. A ƙarshen shekarun 1950 kuwa da tawada ake buga lambar Les Paul, alƙalamin farko shi ne shekara. A shekarun 1960 lissafin kamfanin ya rikice, har aka riƙa maimaita lamba ɗaya a kan jitoci daban-daban, saboda haka lambar wancan zamani ita kaɗai ba ta tabbatar da shekara.

Fender kuma, daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa 1976, a kan wani ɗan faifan ƙarfe da ke bayan jiki yake buga lambar Stratocaster, kuma duk mai sukurudireba yana iya cire faifan nan ya mayar da shi kan wata. Daga 1976 lambar ta koma kan jitar, da harafi a gabanta: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000. Waɗanda aka ƙera a masana'antar kamfanin ta ƙasar Meksiko daga shekarun 1990 sukan fara da harafin M. Kamfanonin biyu suna amsa tambayar masu saye game da lamba, amma iyakar abin da amsar take nunawa shi ne an taɓa ƙera jita mai wannan lamba. Ko ita ce wadda ke gaban mai saye, wannan wata magana ce dabam.

SHAIDA NA BIYU: KAI DA WUYA

A jitar Gibson, kai ne wurin da masu jabu suka fi yin tuntuɓe. A cikin wuyan kowace jita akwai sandar ƙarfe da ke hana shi lanƙwasa, kuma bakin sandar yana ƙarƙashin wani ɗan murfi mai siffar ƙararrawa. Murfin Gibson sukuru biyu ne ke riƙe da shi, na jabu kuwa sau da yawa uku ne, irin na Epiphone. In aka buɗe murfin, a ta asali za a tarar da noti wanda ake kamawa ta waje, a yawancin na jabu kuwa rami ne da ake zura maɓalli mai kusurwa shida a ciki.

Sai kuma a juya jitar a dubi bayan wuya da hasken rana. Masana'antun da ke neman rage ɓarnar katako sukan yanka kai dabam su manna shi da wuya a karkace, kuma layin mannin yakan fito a ƙarƙashin fenti. Gibson ba ya yin haka ga Les Paul ɗinsa na Amurka. Har ila yau, daga wajen 1970 zuwa farkon shekarun 1980, kamfanin ya riƙa barin wani ɗan tudu a inda kai ya haɗu da wuya domin ƙara ƙarfi, kuma daga 1970 ne ya mai da buga kalmomin "Made in USA" a ƙarƙashin lamba ya zama ƙa'ida. Jitar da aka ce ta 1959 ce amma tana da wannan tudu, ta tona asirin kanta.

Awo ma shaida ne. Tsawon tsirkiya daga inda ta tashi a gindin kai zuwa inda ta hau abin da makaɗan garaya suke kira jaki, a Les Paul inci 24 da uku bisa huɗu ne ko ƙasa da haka kaɗan, a Stratocaster kuwa inci 25 da rabi. Ginshiƙan da ke riƙe da jakin Gibson sirara ne, ana ɗaga su da wasu 'yan faya-fayai da ake murɗawa da yatsa. Na jabu galibi masu kauri ne, da tsaga a kansu ta sukurudireba.

SHAIDA NA UKU: KATAKO DA FENTI

Jikin Les Paul da katakon mahogani ake yin sa, ɗan'uwan maɗacin da aka sani a ƙasar Hausa, sa'an nan a shimfiɗa masa wani farin katako mai tauri a sama. Fentin da Gibson yake amfani da shi, wanda Fender ma ya yi amfani da shi har zuwa ƙarshen shekarun 1960, siriri ne, yakan yi rawaya da tsufa, yakan kuma yi 'yan tsage-tsage kamar gashi idan sanyi da zafi suka yi ta sauyawa a kansa. Fentin jabu kuwa mai kauri ne kamar an zuba roba, in ya fashe sai ya ɓare ɓawo-ɓawo.

Masu gwaninta sukan ƙirƙiro tsufa da reza da sanyi, saboda haka ƙwararru suke shiga ɗaki mai duhu da fitilar nan mai shuɗin haske irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita a banki. Tsohon fenti yakan yi wani haske mai kore-kore a ƙarƙashinta, wurin da aka yi wa sabon shafi kuwa sai ya fito dabam. Da wannan fitila ake gano karayar da aka ɓoye. Kan Gibson a karkace yake zuwa baya, don haka yana saurin karyewa idan jitar ta faɗi. Gyara mai kyau ba ya hana ta kaɗuwa, amma yana rage mata daraja ƙwarai, kuma hakkin mai saye ne ya sani kafin a yanke farashi.

SHAIDA NA HUƊU: ABIN DA KE CIKI

Shaidun da suka fi wuyar saye su ne waɗanda ke ɓoye. A bayan kowane maɓallin ƙara sauti akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe, kuma masana'antun Amurka da suke yin sa sukan buga masa lamba. Alƙaluma uku na farko suna nuna masana'anta: 137 na CTS ne, 304 na Stackpole, 134 kuwa na Centralab. Sauran suna nuna shekara da mako. Lamba 1377412, alal misali, tana nufin mako na 12 na shekarar 1974. Gwangwanin yana iya girmar jitar, domin kamfani yakan saya ya ajiye, kamar yadda Fender ya sayi masu yawa a 1966 ya yi shekaru yana amfani da su. Abin da ba ya yiwuwa shi ne jitar 1965 ta fito daga masana'anta da gwangwanin 1974. In an ga haka, to ko an canja shi daga baya, ko kuwa shekarar da aka faɗa ƙarya ce. Dalmar da aka liƙa wayoyi da ita za ta taimaka wajen rarrabewa, gama tsohuwa takan dushe, sabuwa kuwa tana ƙyalli.

Haka nan za a duba na'urorin maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiya, waɗanda suke mai da motsinta ya zama lantarki. A 1957 Gibson ya soma sa wa Les Paul wani iri mai naɗin waya biyu wanda injiniyansa Seth Lover ya ƙago domin kashe gurnanin lantarki, kuma na farkon suna da 'yar takarda a ƙasansu mai rubutun "Patent Applied For". Irin waɗannan su kaɗai suna da tsada ainun, saboda haka akan cire su a sayar dabam, a maye gurbinsu da sababbi, har da 'yar takardar ta jabu.

Jitar Fender kuwa da sukuru aka ɗaura wuyanta, abin da ya sa haɗe-haɗe ya fi yawa a cikinta. Idan mai ita ya yarda aka kwance wuyan, akan tarar da watan da aka ƙera shi a gindinsa, da fensir a shekarun 1950, da hatimi daga 1962. Sa'an nan a gwada da sauran alamomin zamani. Farantin roba na gaban Stratocaster sukuru takwas ne ke riƙe da shi har zuwa 1959, daga nan ya koma goma sha ɗaya. Kanta ya ƙara faɗi a ƙarshen 1965. Daga 1971 zuwa farkon shekarun 1980 sukuru uku ne ke riƙe da wuyanta maimakon huɗu. Duk ramin sukuru da aka tarar a katako wanda ba shi da aiki, yana ba da labarin wani abu da aka cire.

SHAIDA NA BIYAR: TARIHI

Ba kowane canji ne yake zubar da daraja ba. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd, wadda ya saya a birnin Niyok a 1970, an sha canja mata wuya da na'urori, amma duk da haka an saye ta Dala 3,975,000 a gwanjon da aka yi a 2019. Dalili kuwa shi ne an san kowane canji da lokacin da aka yi shi, ba a ɓoye kome ba. Abin da ke kashe ciniki shi ne canjin da aka rufe.

Saboda haka mai saye zai tambayi inda mai sayarwa ya samo ta, ya nemi rasiɗin farko, da takardun gyara, da tsofaffin hotuna in akwai. Takardar shaida ta kamfani tana da amfani, amma ita ma ana buga ta jabu, don haka ba ta fi lamba ƙarfi ba. Akwai kuma batun sata. Jitar Höfner da Paul McCartney ya saya a Hambug ta Jamus a 1961, an sace ta a Landan a 1972, ba a ba da sanarwar komawarta hannunsa ba sai a 2024, bayan kamfanin da ya ƙera ta ya tabbatar ita ce. Kayan sata ba ya zama halal don ya daɗe, kuma wanda aka kama shi a hannunsa yana iya rasa kayan da kuɗinsa gaba ɗaya. Mai niyyar ƙetare iyaka da tsohuwar jita kuma ya sani cewa da yawa daga cikin na shekarun 1950 da 1960 suna da wani baƙin katako na ƙasar Barazil a fuskar wuyansu, wanda yarjejeniyar CITES ta tsananta cinikinsa tun 1992, kuma fita da shi yana bukatar takardar izini.

RANAR CINIKI

Mai hankali ba ya biya sai ya gani da idonsa, da rana, ba cikin gaggawa ba. Zai tafi da mai gyaran jita wanda ba shi da rabo a cinikin, ya biya shi ladan dubawa. Zai nemi izinin buɗe murafen baya, ya ɗauki hoton lamba da na ciki, ya gwada su da hotunan jitocin asali na wannan shekara. Zai jona ta da amsa-kuwwa ya gwada kowane maɓalli, yana sane da cewa daɗin sauti ba hujjar asali ba ne, gama akwai jabun da ke da murya. In hali ya tilasta ciniki daga nesa, sai ya nemi sababbin hotuna na wuraren da shi ya zaɓa, ya kuma ƙi biya ta hanyar da kuɗi ba sa dawowa.

Daga ƙarshe a rubuta yarjejeniya wadda ta ambaci sunan kamfani, da samfuri, da shekara, da lamba, da duk gyaran da aka sani, tare da sharaɗin mayar da kuɗi idan bincike ya nuna saɓanin haka. Mai gaskiya ba ya ƙin sa hannu a irin wannan takarda. Wanda ya hana a buɗe murfi, ko ya ce wani mai saye yana jira a ƙofa, ko ya yi farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, ya riga ya ba da tasa shaidar, domin araha ba ta ado.

Wanda kuɗinsa bai kai na asali ba, babu abin kunya ya sayi Epiphone ko Squier mai sunanta na gaskiya, ya kaɗa abarsa hankali kwance, in ya tashi sayarwa kuma ya sami mai saye ba tare da ya yi wa kowa ƙarya ba. Wanda kuwa ya ƙudura sai babbar, to ya tara shaidun nan biyar ya saurare su. In ɗaya ya saɓa wa sauran, kuma mai sayarwa ya kasa bayani, sai ya mai da kuɗinsa aljihu ya yi sallama. Kama da wane ba ta wane.